Ladi Kwali, Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Mun gode wa Allah da ya nuna mana cikar ƙungiyarmu shekara 10, muna kuma yi wa juna barka. Kwamitin wannan takarda ya ware mana fili, mu 'yan ajin yamma na yaƙi da jahilci, aka ce mu kawo tarihin wata mace da ta yi suna. To, tunda an riga an tsayar da magana cewa bayan ƙaramar Salla za mu ɗauki mota daga nan Kaduna mu tafi yawon buɗe ido Abuja, sai muka zaɓi matar da za mu yi ta cin karo da sunanta a wannan hanya, wato marigayiya Ladi Kwali.

Babu wata a cikinmu da ba ta taɓa riƙe hotonta a hannu ba. Ku ɗauko naira ashirin, wannan koriya mai kamar leda. A gaba Janar Murtala ne, kowa ya san shi. Ku juya bayan, za ku ga wata mata ta duƙufa kan tukunya tana gyara ta da hannu. Ita ce. Tun 2007 aka sa ta a wurin, kuma a duk takardun kuɗin ƙasar nan ita kaɗai ce macen da aka sa don a tuna da ita ita kanta. Matan da ke bayan naira goma da ƙwaryar nono a ka ba wanda ya san sunansu. Shekara da shekaru muna ba da canji da ita, muna ƙulle ta a bakin zani, amma sai da muka fara haɗa baƙi a aji, malamarmu ta sa muka karanta Naira Ashirin da aka rubuta da Hausa a jikin kuɗin, sannan hira ta kai mu ga matar da ke wurin.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gwarin Yamma. Garin yana nan har yau a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, in an wuce Gwagwalada, kuma yana cikin ƙananan hukumomi 6 na babban birnin tarayya. Sunanta ma bai ɓoye komai ba: Ladi dai kun san wadda aka haifa ran Lahadi ce, Kwali kuwa garinsu. Bari mu ɗan tsaya a nan mu faɗi wata gaskiya. Mu Hausawa mun saba da tsokanar Gwari, in yaro yana magana ba a ganewa sai a ce yana gwaranci, in mace ta kasa wani abu sai a ce da ita bagwariya. Su kuwa suna da sunan da suke kiran kansu, Gbagyi ko Gbari, kuma doyar da muke saro wa da itace da gawayi da tukwane, da yawa daga hannunsu suke fitowa. Wadda duniya ta sani a cikin maginan ƙasar nan gaba ɗaya, daga cikinsu ta fito.

Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana ƙarama aka sa ta wajen gwaggonta ta koyi ginin tukwane, don a ƙasarsu wannan sana'ar mata ce, uwa ta koya wa 'ya, gwaggo ta koya wa 'yar ɗan'uwa. Yadda suke ginin kuwa abin kallo ne. Babu inji, babu komai. Za a haƙo yumɓu a jiƙa shi a cuɗa shi sosai, sai maginiya ta ɗora curi ɗaya a kan wani abu mai ɗan tudu, ta danna hannu a tsakiya ta fara jawo bangon sama. Tukunyar ba ta juyawa, ita maginiyar ce take kewaya ta, a sunkuye, tana tafiya tana ja. In bango ya ɗan tashi sai ta murza yumɓu kamar igiya mai kauri ta riƙa ɗorawa tana shafewa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya fito. Duk wannan da ido ake aunawa. Mu da ke auna hatsi da mudu mun san wuyar ido ya yi daidai da ma'auni, ita kuwa randarta in an gama sai ka rantse da wani abin awo aka zagaye ta.

Sai ado. Kafin yumɓu ya bushe take zana shi da ɗan tsinke mai kaifi, ta raba jikin randar gida-gida, a kowane gida ta sa wata halitta: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Tsakanin gidajen kuma ta mirgina 'yar igiya murɗaɗɗiya ko ɗan icce mai tsaga-tsaga, ya bar sawu kamar saƙa. In tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. Wannan toyi na fili shi ne inda ake asara, don iska in ta juya ko wuta ta yi gaggawa, aikin mako biyu sai ya fashe a gaban mai shi.

Tun tana budurwa sunanta ya fita a yankin. Masu hali suka fara sayen randunanta ba don zuba ruwa ba, don ajiyewa a yi kallo. Cikinsu har da Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A nan sai a lura, don kada a rikice a mota: Abujar da ake faɗa a tarihin Ladi Kwali ba wannan mai manyan tituna ba ce. Garin da muke kira Suleja yanzu shi ne Abuja ta asali. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa shi bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, Abu Ja ya gina garin a 1828, aka sa masa sunansa. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zazzau na Suleja. Kwali a lokacin tana ƙarƙashin wannan masarauta.

A 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, wanda shi ma maginin tukwane ne, ya zo yana zagaya ƙasar nan a aikin gwamnatin mulkin mallaka, yana neman inda za a kafa makarantar koyar da ginin tangaran. Ya riga ya yi irin wannan aiki a Gana kafin nan. Da ya shiga fadar Sarkin Abuja sai ya ga randunan Ladi Kwali a ajiye, suka tsaya masa a rai. Abuja na da yumɓu mai kyau, ga itace, ga ruwa, ga Sarki ya ba da goyon baya, don haka a nan aka kafa wurin, zuwa 1952 an fara aiki. Ɗaliban farko duk maza ne. Sai a ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko, tana da kusan shekara 30 a duniya.

A can ta koyi abubuwan da babu su a Kwali. Ta koyi hawa injin juya yumɓu da ake takawa da ƙafa, ta riƙa fitar da faranti da kwanuka da kofuna da butocin shayi. Ta koyi tsoma kaya a cikin ruwan farar ƙasa ko ja, sannan a kankare zane a kai da ƙayar beguwa. Ta koyi shafa ruwan sheƙi, wanda in ya sha wuta yake narkewa ya zama kamar gilashi. Ta kuma koyi toyi a rufaffiyar matoya ta bulo, inda zafi ke wuce digiri 1,200, abin da wutar ciyawa ba za ta taɓa kaiwa ba. Ba a daɗe ba ta zama ita ma mai koyarwa a wurin.

Sau da yawa in ana ba da wannan labari sai a nuna kamar Baturen ne ya gano ta ya mai da ita mutum. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Macen da Sarki ke sayen kayanta yana ƙawata fada da su tun kafin Bature ya zo, ai ba ɓoyayya ba ce. Hannun nata ne, daga gida ta zo da shi. Abin da ta samu a Abuja shi ne wurin aiki mai rufi, da matoyar da ba ta dogara da iska ba, da abokan aiki, da kuma babbar kasuwa wadda ta wuce ta ƙauye. Kowace 'yar kasuwa ta san bambancin mai kaya da ke talla ita kaɗai da mai kaya da ta samu rumfa da masu saye na dindindin. Kuma abin da ya fi sa ta yin suna a waje ba kofuna da farantan da ta koya ba ne. Randar nan ce dai ta Gwari, wadda ta ci gaba da ginawa da hannu tana kewayawa yadda gwaggonta ta koya mata, da kunamunta da ƙadangarunta, sai dai yanzu da yumɓun tangaran, a shafa mata ruwan sheƙi a toya a matoya.

Sai dai a nan akwai wani abu da muka yi ta muhawara a kansa a aji. Abin da ke sa ruwan randa sanyi shi ne jikinta na tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busarwa. To randar da aka shafe da sheƙi aka toya da wannan zafi, jikinta ya toshe, ba ta tsatsafo, ba ta sanyaya ruwa, ga ta da nauyin da ba mai iya kai ta rafi. Wato ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan ado. Wasu a cikinmu suka ce an ɓata randa ke nan. Wasu suka ce a'a, randar da matar ƙauye za ta saya da 'yan kuɗi kaɗan ita ce aka ɗaga darajarta har masu kuɗin Turai na rububi. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu rabu a kan magana ɗaya ba. Abin da muka sani shi ne yau randunanta suna cikin gidajen tarihi irin su Victoria and Albert a Landan da Smithsonian a Washington, in kuma an fitar da ɗaya a gwanjo a can, kuɗin da ake saye ba irin wanda maginiyar Kwali ke gani ba ne.

Ba ta zauna ita kaɗai ba. Bayanta wasu mata suka shigo: Halima Audu, wadda ba ta yi tsawon rai ba, da Lami Toto, da Asibi Iddo, da Kande Ushafa. Suna da ɗakin aikinsu da ake kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu. Muna so a riƙe waɗannan sunaye, don su ba a sa su a kuɗi ba, ba a sa wa titi sunansu ba, alhali kuwa tare aka sha hayaƙin. A 1965 Cardew ya bar aikin ya koma ƙasarsu, wurin ya ci gaba, Ladi Kwali na nan a ciki.

Wani abu da ya taɓa mu, mu masu koyon karatu da girma: kowane kaya da ya fito daga wurin ana buga masa hatimi a gindi tun yumɓu na ɗanye. Akwai hatimin wurin, sunan Abuja da baƙaƙen Larabci, sannan kowane magini da nasa. Nata baƙi biyu ne, LK. Macen da ba ta zauna a aji ba, baƙi biyu ke nan ta mallaka, amma masu sayen kayan tarihi a duniya in sun ɗaga tukunya su suke fara dubawa. Mu da muka yi shekaru muna dangwala yatsa a littafin adashi da na rancen ƙungiya kafin mu iya sa hannu, mun san daɗin ganin alamarka a kan abinka.

Daga nan sai tafiye-tafiye. An nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, an kuma nuna su a bikin samun 'yancin kai a 1960. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus, ta tsaya gaban ɗalibai da malamansu tana gina randa suna kallo. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Ba ta buƙatar tafinta mai yawa, hannu ne ke bayani. In ta dawo gida kuwa sai labari, har abokan aiki suka laƙaba mata Rediyon Abuja. Masu koyo ma sun riƙa zuwa mata daga nesa. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya wadda yanzu take cikin manyan maginan duniya, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurinta.

Lambobin girma sun zo bi da bi. Ingila ta ba ta MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, shi ya sa za ku ga ana rubuta Dakta Ladi Kwali. A 1980 aka ba ta lambar NNOM, wadda ake ba manyan masana, a 1981 kuma OON.

Ana cikin haka ƙasarsu ta canza a gaban idonta. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kawo tsakiyar ƙasa, kwana 10 bayan nan aka kashe shi. Masarautar Abuja ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da har sunanta, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu. Ku duba ikon Allah, wanda ya ce a kafa birnin yana gaban naira ashirin, 'yar ƙasar da aka kafa birnin a kai tana baya. Wuse da Garki da Maitama da Asokoro duk sunayen ƙauyukan mutanen wurin ne, an tashi da yawansu aka mayar wani wuri. Ita ba ta ga ƙaurar ba, don sai 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Cardew. An sa wa wurin aikin nan na Suleja sunanta.

Yanzu sai maganar tafiyarmu, don a nan ne ba a gama daidaitawa ba. Mun ji wasu na cewa kuɗin mota da na abinci daga ribar ƙungiya za a cire, don haka a wuce kai tsaye cikin gari, a ga Masallacin Ƙasa, a hango dutsen Aso, a huta a Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, yara su hau jirgin ruwa a tafkin Jabi, a ɗauki hoto a dawo. Ba mu ƙi ko ɗaya ba. Har ma muna so a bi ta kusa da dandalin Eagle a nuna wa yara wurin tunawa da sojojin da suka rasu, inda ake ajiye furanni duk 15 ga Janairu. Amma muna roƙon Hajiya shugaba da kwamiti a saka wuraren Ladi Kwali a lissafi, don kusan duk a kan hanya suke. Kuma akwai dalilin gaggawa. Naira ashirin ta kusa fita daga kasuwa, yau ko ruwan leda ba ta saye, yaran da muke aika ma ba sa son karɓarta. In ta ɓace daga hannun mutane, jikokinmu ba inda za su ga fuskar matar nan.

Ga yadda muka ga zai yiwu. In mun tashi da asuba, bayan Jere da Tafa za mu wuce Sabon Wuse, inda aka mai da mutanen tsohuwar Wuse, a nuna wa yara ta taga. Sai mu ratse mu shiga Suleja mu ga wurin ginin tukwanen da ta yi aiki shekara kusan 30, amma a aika wani ya fara tambayowa kafin ranar, don a san ko za a samu mai buɗe mana a ranar hutu. Daga nan zuwa Madalla ba nisa, a tsaya a gindin dutsen Zuma, mai tsohuwar naira ɗari ta fito da ita ta gwada da na bayan kuɗin. A cikin gari, a Wuse Zone 4, akwai titin Ladi Kwali, a kansa tsohon otal ɗin Sheraton yake, wanda babban ɗakin taronsa ma sunanta ne. Wannan ba sai an sauka ba, 'yan ajinmu dai za su karanta allon titin da bakinsu, mun riga mun yi alkawari da malama.

Kwali kanta ta yi nisa da sauran, tana can kudu, ba za ta haɗu da komai a yini ɗaya ba. Haka ma faɗuwar ruwa ta Gurara da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, wadda wasu suka ambata, gara a bar ta sai wata tafiyar, kuma in da yara za a je a je da rani lokacin da ruwan ya kwanta. Wurin da muka fi so a ba lokaci shi ne Ushafa, ta wajen Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma. A can akwai wurin ginin tukwane da mata ke aiki, wanda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. A nan za mu ga ana gini da hannu irin wanda muka bayyana, mu tambaye su yadda suke samun yumɓu da itace, da yadda suke raba ciniki a tsakaninsu, ko akwai abin da ƙungiyarmu za ta ɗauka.

Duk mai niyyar sayen tukunya ko kasko ko 'yar randa ta zo da kuɗinta daban, kada a taɓa na asusu. Mun san halinmu da taya kaya, amma a can a sassauta, a tuna da sunkuyon da aka yi kafin abin ya tsaya. A zo da tsofaffin zannuwa da kwali na naɗewa, kuma za a bar kujerar baya ta mota babu kowa don kayan fashi. Mai son zuwa ta ba da sunanta wajen ma'aji kafin azumi ya raba, mai zuwa da yaro ta faɗi tun yanzu don a san girman motar da za a ɗauka.